Yadda na rage tsinin sautin iyafis ɗina

Iyafis ɗin irin mai shiga cikin kunne ne. Duk inda mawaƙi ya furta "s" sai in ji kamar an soka min allura, bas (wato sauti mai kauri, irin na ganga) kuma ba nauyi.

Bas ɗin ba laifin ikwalaiza (manhajar daidaita sauti) ba ne. Robar bakin ce ta yi ƙanƙanta, ba ta toshe kunne ruf, sai na sa babba, ganga ta dawo da ƙarfinta.

Tsinin kuwa, na buɗe Poweramp Equalizer a Android, na rage 8 kHz (ɓangaren siririn sauti) da desibel 3 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne). Ban taɓa 4 kHz ba, don rage shi yakan dusashe murya. Na ɗaga 60 Hz (ɓangaren bas) da desibel 2, sannan na sauke firi'am (mai daidaita ƙarfin sautin gaba ɗaya) da 2, kada sauti ya riƙa fashewa idan na ƙure murya.