Darasi na 6: Shimfiɗar Cikin Jijiyoyin Jini

Kowace jijiyar jini tana da shimfiɗa a cikinta, wadda likitoci ke kira endotiliyam. Kaurinta ƙwayar halitta ɗaya ce tak, amma ita ke hana jini daskarewa a hanya, ita ke zaɓen abin da zai fita daga jini ya shiga nama.

Tun a mako na 3 da shigar ciki take somawa. Wasu ƙwayoyin tayi kan taru gungu-gungu, tsakiyarsu ta buɗe, su haɗe su zama bututu. Wajen kwana 22 zuciya ta fara bugawa, sau da yawa uwar ba ta ma san tana da juna biyu ba. Daga nan sababbin jijiyoyi ke tohowa daga tsofaffi: duk inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, naman wurin kan saki wani furotin mai suna VEGF, jijiyoyi su miƙo wajensa. Haka rauni ke warkewa har a jikin babba.

Sai dai kowace gaɓa da irin tata shimfiɗar. Ta ƙwaƙwalwa a manne take gam, shi ya sa magunguna da dama ba sa ratsa ta. Ta ƙoda kamar rariya take, ruwa da gishiri su wuce, furotin ya tsaya. Ta hanta kuwa ramukanta sun isa furotin ya shige ya fita.

Ta ƙodar nan ita ce abin kulawa ga mai ciki. Idan mabiyiya ba ta kafu da kyau ba, takan zuba wani sinadari cikin jinin uwa da ke ɗaure VEGF. Shimfiɗar ƙoda ta kumbura, furotin ya zubo cikin fitsari, jijiyoyi su takura, jini ya hau. Yawanci bayan mako na 20 ake ganin haka, kuma in an yi sakaci yakan kai ga jijjiga. Don haka ake auna jini da fitsari a duk zuwa awo. Hawan jinin da ya kai 140 bisa 90 ko sama da haka ba abin bari ba ne. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a tafi asibiti a ranar, kada a jira ranar awo.

Aiki: ku rubuta alamomin nan huɗu a littafinku, ku karanta wa mai ciki ɗaya a gidanku ko maƙwabta.