Yadda na gyara kiɗan da ke ƙasa da sama in mai gabatarwa yana magana

Matsalar a wajen dina ta fito, a kan miksa (na'urar haɗa sauti) Behringer X32: kiɗa ya lafa in mai gabatarwa ya fara magana, amma ya yi ta zabura tsakanin kalma da kalma, wani lokaci kuma ya lafa ba wanda ya ce uffan.

Ana sa na'urar rage sautin ne a layin kiɗa, ba a layin makirfo ba. A shiga sashen Gate na layin kiɗan, a mayar da shi Duck (yanayin da ke rage kiɗa in an yi magana), a zaɓi makirfon mai gabatarwa a Key Source (inda na'urar ke sauraro). Muryarsa ce ke ba da umarni, kiɗa ne ke sauka.

Laifin farko Threshold ne, wato ƙarfin sautin da in an ƙetara shi kiɗa ke lafawa; na bar shi can ƙasa, makirfo na ɗauko ƙarar lasifika da hayaniyar baƙi. Na ɗaga shi zuwa -30 dB (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne), inda murya kaɗai ke ƙetarawa. Na kunna Key Filter, mai tace sautin da na'urar ke sauraro, a wajen 1 kHz (yankin sautin murya) don bugun ganga ya daina tayar da shi.

Zaburar kuwa gajartar Hold ce, wato lokacin da kiɗa ke zama a ƙasa bayan murya ta tsaya. Na ba shi milisakan 600, Release (lokacin da kiɗa ke ɗauka ya dawo) milisakan 1,200, kiɗa ya riƙa dawowa a hankali bayan an gama jimla. Attack (saurin lafawar kiɗa) milisakan 10 ya wadatar.

Range, wato yawan saukar da kiɗa ke yi, na tsayar a 12 dB. In ya wuce 20, kiɗan sai ya zama kamar an kashe shi, masu rawa su tsaya cirko-cirko.