Kurakuran da ake yi wajen sake wa kejin tsuntsu fenti

Duk mai kiwon aku ya san da baki yake hawa. Ya cafki ƙarfen keji, ya ja jiki sama, ya tsaya yana gwaguya. Saboda haka duk abin da ka shafa wa ƙarfen nan, cikinsa za shi.

Kuskuren da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗauko ragowar fentin ƙofa a shafa wa keji. Wasu fentin mai, musamman tsofaffi da masu hana tsatsa, akwai dalma ko tutiya a cikinsu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba, balle tsuntsun da da ƙyar yake kai rabin kilo. Nemi fentin ruwa da aka rubuta a gwangwaninsa cewa ba dalma, irin wanda ake yi wa gadon jarirai. In ba rubutu, haƙura da shi.

Wasu kuma sai su lafta sabo a kan tsoho, kwana kaɗan ya fara ɓarewa tsuntsu yana tsinta. Kankare tsohon fenti da tsatsar duka da burushin waya da samfefa, a waje, ka rufe hancinka. Ka wanke, ya bushe, sannan ka shafa kaɗan-kaɗan har sau biyu. Sandar da yake tsayawa da kwanon abinci kada fenti ya taɓa su.

Sai gaggawa, wadda ita ke cin mutane da yawa. Ka taɓa ka ji ya bushe, ka mai da tsuntsu da yamma. Samansa ne kawai ya bushe, ciki yana nan yana fitar da tiriri. Numfashin tsuntsu ba ya jure wannan, shi ya sa masu haƙar kwal a Ingila suke shiga rami da kanari don gane gurɓatacciyar iska har zuwa 1986. Sauya masa keji da ɗaki tun kafin ka buɗe gwangwani, ka bar wanda aka yi wa fentin inda iska ke kaɗawa mako biyu. Da damina ƙara kwanaki, kuma muddin hancinka na jin wari, da saura.

Idan bayan ya koma ka ga ya yi laushi, yana amai, yana yawan shan ruwa, ko kashinsa ya sauya launi, fitar da shi nan take ka nufi likitan dabbobi, ka tafi da gwangwanin fentin.