Yadda zaka kare kwamfutarka daga kuskuren furosesa mai sa ta daskarewa

Ba kowace daskarewar kwamfuta bace bayiros fa. Wani lokacin kuskuren na cikin furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tun daga kamfani, ƙaramar manhaja da ko izinin admin bata da shi sai ta tsayar da na'urar cak. A 1997 Pentium na Intel ya sha wannan, ɗan umarni mai bayit huɗu kacal, F0 0F C7 C8, ana tura masa shikenan sai an kashe an kunna. A Nuwamba 2023 kuma masu bincike na Google suka bayyana wani mai suna Reptar da ya taɓa furosesocin Intel irin su Ice Lake da Tiger Lake. Masu kafen intanet da cibiyoyin CBT nan Abuja ku ne abin ya fi shafa, tunda kowa na hawa injinanku.

Kar kowa ya ce maka fomat, ko sau goma akayi bazai taɓa shi ba. Maganin irin su Reptar maikurokod ne, gyaran da Intel ko AMD ke fitarwa ana loda wa furosesan kansa, yana zuwa ne cikin sabon BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta in an kunna ta.

Da farko danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta msinfo32, zaka ga sunan furosesa da lambar BIOS da ranarsa. Rubuta su a takarda.

Sai ka shiga shafin kamfanin laftof ɗin, HP ne ko Dell ko Lenovo, ka sa lambar da ke maƙale a ƙarƙashinta, ka sauke sabon BIOS na wannan modal ɗin. Banda wanda wani ya turo a WhatsApp don Allah.

Wajen sa sabon BIOS ɗin ne ake taka tsantsan, ka bari batir ya cika ka jona caja, in destof ce kar ka fara sai da UPS ko inbata, domin in NEPA ta ɗauke ana tsakiyar sa shi madabod, wato babban faifan da ke haɗa kayan cikin kwamfuta, na iya mutuwa, sai ka kwashe ta zuwa Banex ka biya kuɗin da baka shirya ba. In allo yayi baƙi fanka na ihu ka ƙyale ta, da kanta zata tashi.

Tsohuwar tokumbo da kamfani ya daina yi wa BIOS, bar Windows Update a kunne, yana kawo wasu gyaran. Masu amfani da Ubuntu maimakon Windows ku sa intel-microcode ko amd64-microcode ku sake kunnawa, in kun rubuta grep microcode /proc/cpuinfo a Terminal zai nuna muku lambar maikurokod ɗin da ke aiki.