Miyar taushe a lokacin kaka: yadda nake dafa ta a ƙauye, da yadda nake ɗaukar ta hoto

Da zarar ruwa ya ɗauke, wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, kabewa ta gama nuna a gona, an cire gyada, sabuwar shinkafa ta fara shigowa kasuwa. Duk abin da miyar taushe take nema ya haɗu a wata ɗaya, kuma da araha. Ana samun kabewa a kasuwa kusan duk shekara, amma ta kaka daban take: tana da gari, tana da zaƙi, ba sai kin cika miya da dunƙulen ɗanɗano ba. Mu a wannan lokacin ne muke zuwa gaida iyayen maigida, daga Kaduna mu bi ta Zariya mu ratse a Kwanar Dangora, shi ya sa girkin da tafiyar suke haɗe a wurina.

Uwargida, kada ki dafa miyar a gida ki ce za ki tafi da ita. Miyar da aka sa wa gyada ba ta jure zafin mota. Ta yi awa huɗu ko biyar a rufe, kina buɗewa za ki ji ta fara juyawa. Kayan haɗi za ki ɗauka. Ki daka ɗanyar gyada tun jiya ki ƙulle a leda. Ki jajjaga tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, ki zuba a roba mai murfi ki sa a firiza ya ƙanƙare. Da safe ki sa robar a ƙasan kula, ki ɗora nama da ƙashi a kai. Jajjagen zai riƙe sanyin naman har ku isa, kafin nan shi ma ya narke daidai amfani. Ku fita bayan sallar asuba, don a sauka da rana tsaka, ba a son dare ya riski mutum da yara a hanya. Yaran kuma dafaffiyar gyada ko gurjiya ta ishe su. Rake dai na hana shi a mota, ko da an wuce masu sayar da shi jere a wajajen Makarfi. A saya a sa a but, a sha idan an sauka.

Kabewa a bakin titi ake saye, ko a samu a gidan da za a je. Ki ɗaga ta ki ji nauyi, wadda ta fi girmanta nauyi ita ce mai tsoka. Ki danna farce a bayanta: idan ya shige da sauƙi ba ta ƙosa ba. Wurin da aka tsinko ta daga yaɗo ya kasance a bushe ƙamas. Idan mai sayarwa ya fasa wata, ki duba cikin. Ruwan goro mai duhu kike nema, mai haske-haske ruwa ne kawai a cikinta. Ganye kuwa kada ki saya sai kin kusa, ko ki bari a tsinko miki yakuwa a bayan gida. Sai dai ki sani yakuwar ƙarshen damina ta tsufa, tsaminta ya fi na sabuwar tofo, don haka kaɗan za ki sa.

Madafar suruka ba taki ba ce. Ki gaisa, ki miƙa tsaraba, ki huta, sannan ki ce, "Inna, ko in ɗora mana taushe gobe?" Idan ta amince, ki tambayi tukunyar da take so a yi amfani da ita, ki kuma karɓi daddawarta ko da kin zo da taki. Ta ƙauye ta fi ƙamshi, kuma karɓar ma ladabi ce.

Ga awon da nake yi wa mutum goma: rabin kabewa matsakaiciya, nama da ƙashi kilo 1, tumatir 6, tattasai 5, attaruhu 4, albasa 2, dakakkiyar gyada gwangwanin madara 2, manja ludayi 1, daddawa 2, alayyafo ɗauri 2, yakuwa ɗauri 1, sai citta da masoro da kanumfari a daka tare da daddawar.

Ki fara da ƙashi, don shi ne ƙarfin miyar. Wanda yake da ɓargo ya fi. Ki dafa shi da naman da albasa da gishiri da dakakken kayan ƙamshin. Idan ya ɗauko laushi, ki fere kabewa ki yanka manya-manya ki jefa a cikin romon, ta dahu tare da naman ta sha ɗanɗanonsa. Wasu suna dafa ta daban a ruwa su tsiyaye, ni ina ganin asara ce, zaƙin ne ake zubarwa. Da ta yi luguf ki tsame ta, ki ware gutsure huɗu ko biyar a gefe, sauran ki dame da ludayi ko ki kirɓa a turmi. Kada ki kai ta inji. Taushe tana son a ji ɗan gudajin kabewa a baki.

A wata tukunya ki soya manja da albasa, ki zuba jajjagen ya soyu har mai ya taso, ki juye a kan naman, ki mayar da kabewar. Yanzu ne gyada za ta shiga. Ki dama ta da ɗan romo tukuna don kada ta dunƙule, ki zuba, ki rage wuta. Idan a murhu ne, ki zare itace biyu ki bar garwashi. Nan ne miyar take kamawa a ƙasa idan aka bar ta, saboda haka ki tsaya kusa kina juyawa kamar minti 15, har ƙarnin gyadar ya tafi, mai ya fito sama.

Yakuwa ki tafasa ta daban na ɗan lokaci ki zubar da ruwan, sannan ki zuba. Kanwa tana kashe tsami da sauri, amma tana kashe launin miyar ma, ta mayar da ita ƙasa-ƙasa, kuma ɗan tsamin nan shi ke tsinka maiƙon gyada da manja. Alayyafo shi ne na ƙarshe, minti 5 ya ishe shi, kuma kada ki rufe tukunyar idan kina so ya zauna kore. Tuwon shinkafa ko waina ko sinasir, duk wanda gidan suka saba.

To, batun hoto. Ka'idata ɗaya ce: ba a tsayar da mutane da yunwa saboda waya. Don haka tun miyar tana kan wuta nake shirya wurin. Ina neman inuwa mai haske, bakin ƙofar ɗaki ko ƙarƙashin rumfa ko gindin katanga, inda hasken yake zuwa daga gefe ɗaya. Rana tsaka kai tsaye tana sa man saman miya ya yi ta ƙyalli fari-fari, komai ya ɓace. Cikin ɗaki da ƙwan lantarki kuma miyar fitowa take kamar laka. Idan hazo ya fara sauka kin yi sa'a, domin yana tausasa hasken rana, ki ɗauka a tsakar gida ma ya yi kyau. Filasha ki kashe ta gaba ɗaya.

Ki shimfiɗa tabarmar kaba ko ki ajiye faifai, ko ma daɓen ƙasa da aka share. Ledar tebur mai furanni tana janye ido daga abincin. Ki ajiye kwano babu komai a ciki ki gwada ɗauka, ki ga inda inuwarki take faɗawa, ki gyara tsayuwa. Idan gefe ɗaya ya yi duhu da yawa, ki sa yaro ya riƙe farin tire ko farar takarda a wannan gefen, hasken zai dawo kan kwanon. Akushi ko farar langa su suka fi fito da ruwan goron kabewa. Jar kular roba kuwa faɗa take yi da launin miyar. Sannan ki goge gilashin kamarar da gefen zaninki. Wayar da ta wuni a madafa ba ta rasa maiƙo, kuma rabin hotunan da suke fitowa dishi-dishi daga nan ne.

Idan an sauke, ki zuba kaɗan, kada ki cika kwanon. Ki ɗora gutsuren kabewar da kika ware, da ƙashi ɗaya mai kyau, ki goge bakin kwanon. Malmalar tuwo daga gefe ake ɗaukar ta, ki ɗan durƙusa don tudunta ya fito. Tire mai waina da miya da yaji kuwa daga sama kai tsaye. Ki taɓa kabewar a fuskar wayar don ta daidaita a kanta, ki ɗan ja hasken ƙasa. Kada ki jawo hoton da yatsu, ki matsa da ƙafarki. Idan tururi kike so ya fito, hasken ya kasance a bayan kwanon, can baya kuma wuri mai duhu kamar bakin ƙofa. Da safiyar hunturu ya fi fitowa. Minti biyu kike da shi kafin saman miyar ya yi yana, ki ɗauki biyar ko shida ki ajiye wayar. Tacen launi da manhajoji suke yi ban yarda da shi ba a kan taushe, yana mayar da manja wani irin ja da babu shi a tukunyar kowa.

Hoton da ya fi min daɗi a tafiya irin wannan shi ne na hannu: hannu yana fere kabewa, hannu a kan taɓarya, hannayen yara a kwano ɗaya. Amma ki nemi izini, musamman wajen matan gida, da yawa ba sa son fuskarsu ta shiga waya, kuma suna da gaskiya. Ki ce, "Inna, hannunki kawai zan ɗauka," ki nuna mata bayan kin ɗauka. 'Ya'yan maƙwabta da suka taru kallo kada ki sa su a Facebook ko Instagram ba da sanin iyayensu ba. Ki kuma jinkirta sakawa sai kun koma gida lafiya, ba kowa ya kamata ya san kuna hanya ba ko gidanku babu kowa. 'Yan'uwan da za ki tura wa ta WhatsApp, ki danna alamar HD kafin ki aika, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton, ganyen alayyafon da kika yi ta lallaɓawa ya dagule ya zama kore ɗaya.