Yadda ake shan maganin ƙarin jini don ya yi aiki

Wata uku ƙanwata ta yi tana shan maganin ƙarin jini, wato ƙwayar sinadarin ƙarfe, a gidanta da ke Aboabo, nan Kumasi, amma jiri bai sake ta ba. Ranar da na leƙa ta da safe, na tarar da ita a bakin murhu, kofin shayi mai kauri a hannun dama, ƙwayar magani a hagu. Ta jefa ƙwayar a baki, ta kora da shayin. Na ce, "Kullum haka kike yi?" Ta ce, "To Yaya, da me zan kora?" Ashe maganin ba shi da laifi, shan ne ba a iya ba.

Kafin a sayi komai, a je a gwada jinin. Jiri da kasala da farin ido ba su isa shaida ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jini ya yi ƙasa idan awon himoglobin (Hb), wato jan sinadarin da ke cikinsa, bai kai 13 ba ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki. Sai kuma a nemi abin da ya jawo. A nan wajenmu zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da yawan zubar jinin al'ada duk suna cinye jini, kuma wanda ya bar su ya kama shan ƙwaya, ɗibar ruwa yake da kwando. Mai sikila kuwa kada ya taɓa maganin sai likita ya ce, domin galibi nasa ƙarancin jinin ba na rashin sinadarin ƙarfe ba ne, kuma wanda ake yawan saka wa jini a asibiti ƙarfen na iya taruwa a jikinsa ya yi masa illa. Tun 1995 aka fara gwajin sikila ga jarirai a Kumasi, don haka a duba katin yaro kafin a ba shi.

In gwaji ya nuna ƙarfen ne ya yi ƙasa, a saya a kantin magani mai rajista. A juya kwalin, a nemi lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana (FDA) da ranar lalacewa. Kwalaben da ake tallarsu cikin mota ko a gefen kasuwar Kejetia, waɗanda mai su ke rantsuwa suna maganin basir da ƙarancin jini da sanyin ƙashi a lokaci guda, ni dai ba na ba su sidi ɗaya. Mai ciki ba ta ma bukatar wannan yawon, a wajen awo ake ba ta ƙwayar ƙarfe da folik asid. Abin da aka tsara mata a kullum shi ne miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikurogiram 400 na folik asid.

Yanzu ga inda aka fi tafka kuskure, wato lokacin sha. Ganyen shayi da kofi suna da wani sinadari da ke kama ƙarfen a ciki ya hana shi shiga jini. Madara da nono da wagashi ma suna rage shigarsa, haka maganin ƙwannafi. A bar tazarar awa biyu tsakaninsu da ƙwayar. Mu da ba ma fita sai mun sha shayi, ga ataya da yamma, ga fura da nono da rana, dole mutum ya zauna ya ware wa maganin lokacinsa. Ƙanwata ta mayar da nata hantsi, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, tana korawa da ruwa ta bi da lemu guda. Bitamin C da ke cikin lemu, abarba ko gwaiba yana taimaka wa ƙarfen ya shiga jiki.

Ya fi aiki idan ciki babu komai, amma in yana tayar da zuciya a ɗan ci wani abu tukuna. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. In ciki ya ɗaure a ƙara ruwa da ganye. In abin ya gagara a koma wa likita ya sauya, kada a jefar da maganin a yi shiru.

Tukunya ma ta taimaka: nama, kifi, wake, miyar kontomire (ganyen gwaza) ko ayoyo a kan tuwo. Lemon malt da madarar gwangwani da ake haɗa wa mai jego da sunan ƙarin jini kuwa, daɗin baki ne kawai.

Bayan wata guda a sake gwaji. In awon bai motsa ba, akwai abin da ke zubar da jinin ko hana shi haɗuwa, likita ne zai bincika. In ya dawo daidai, galibi ana ci gaba da sha wata uku don jiki ya yi ajiya.

A ɗaga maganin sama, inda hannun yaro ba ya kai. Ƙwayoyin suna kama da alawa, kuma yaron da ya haɗiye su da yawa na iya rasa ransa. In hakan ta faru a nufi asibiti nan take da kwalin a hannu, ko da yaron yana ta wasansa.