Gwada manhajar 3D da buta kafin ka fitar da kuɗinka

Ina da ɗan shago a Aboabo, nan Kumasi, inda nake zana wa kafintoci da maƙeran zinariya siffar kayansu a kwamfuta kafin su taɓa katako ko ƙarfe. Duk yaron da ya zo koyo, tambayarsa ɗaya ce: "Maigida, wace manhajar 3D zan saya?" Ni kuwa nakan ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna.

Fara da Blender. Kyauta ce tun 2002, kuma ba ta wasan yara ba ce, fim ɗin da aka yi da ita ya ci kyautar Oscar a 2025. Ka yi wata guda a kanta. Sai ka san abin da ta kasa yi maka, sannan za ka san abin da kake nema a ta kuɗi.

In ka tashi gwada ta kuɗin, yawancinsu suna ba da kwanakin gwaji: Maya kwana 30, Rhino kwana 90. Kada ka kunna gwajin ana jajibirin Sallah, aiki ya yi maka yawa, kwanakin su tafi a banza.

Ni da butar alwala nake gwada kowace manhaja. Na ajiye ta kan tebur, na ce sai na ƙera irinta. Buta tana da ciki mai kumburi, da baki siriri mai lanƙwasa, da mariƙi da dole ya haɗu da jiki ba tare da tabo ba. A nan asirin manhaja yake tonuwa. Wata cikin minti ashirin ka gama, wata kuwa wurin haɗa mariƙin kaɗai sai ka yi gumi. Ka duba agogo, ka rubuta.

Kuma a kan kwamfutarka za ka gwada, ba wadda mai shago ya kunna maka a Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, ba. Ƙara wa butar laushi har fuskokinta, wato ƙananan fale-falen da suka haɗu suka yi jikinta, su kai miliyan, ka juya ta, ka sa tafin hannu kusa da fankar kwamfutar. In ta fara huci tana tsayawa, ka ga amsa. Sannan ka zare caja kamar an ɗauke wuta, ka kashe data. Manhajar ta buɗe? Ta ajiye aikinka da kanta? SketchUp na kyauta, misali, a intanet yake zaune.

Sai ƙofar fita, wadda mutane suka fi mantawa. Fitar da butar a nau'o'in fayil na OBJ, FBX da STL, ka buɗe ta a Blender, ka auna. Na taɓa tura wa maƙeri zobe mai milimita 18, ya buɗe ya tarar da abu kamar tayar motar haya ta trotro, don awon ya sauya a hanya.

Batun farashi, tambayi abu ɗaya: saye ne ko haya? Nomad Sculpt ta kwamfutar hannu sau ɗaya ake biya, haka ma Rhino, ko da yake ita da tsada. ZBrush, bayan ta koma hannun kamfanin Maxon, ta zama ta biyan wata ko shekara. Haya kuma da dala ake biya. A 2022 ina hayar wata manhaja, dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 13. Na kasa sabuntawa, ayyukana na wata takwas suka maƙale a fayil ɗin da ita kaɗai ke buɗewa.

Karanta sharuɗɗa ma, domin lasisin ɗalibai yawanci bai yarda ka yi aikin kuɗi da shi ba. Ta sata da ake zuba wa mutane a filashi kuwa, ba na barin kowa ya soka ta a kwamfutar shagona.